Tun Ran Gini Ran Zane: Abin Da Yaro Ke Koya A Sashen Zanen Gini

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Masu wannan magana suna nufin adon da ake yi wa bango ko tukunya tun laka tana ɗanya. To amma a ginin zamani zane ne ke riga gini zuwa. Kafin a sari ƙasa, kafin a sayi siminti ko buhu ɗaya, akwai wanda zai zauna da takarda da fensir ya gina gidan nan kaf a kan tebur, tun daga harsashi har zuwa kwanon rufi. In ɗaki ya matse, a nan za a gani. In ƙofa ta buɗe ta tare hanya, a nan za a gani. Gyaran kuskure a takarda magogi ne kawai. Gyaransa a bango kuwa sai guduma, ga asarar bulo, ga kuɗin lebura, ga ɓacin rai tsakanin mai gida da birkila.

Wannan aiki sana'a ce da ake koyarwa a kwalejojin fasaha, waɗanda mutane suka fi sani da makarantun tekanikal. Iyaye da yawa a karkara suna jin sunan makarantun, amma abin da suka ɗauka shi ne kafinta da kanikanci da walda kaɗai ake koya a ciki. Wasu ma gani suke wurin da ake tura yaron da boko ya gagara ne. Bari mu duba abin da ake yi a ɗakin zane, sai kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Mene ne zanen gini?

Da farko dai kada a haɗa shi da zanen hoto. Mai zanen hoto yana zana gida don a kalla a ce ya yi kyau. Mai zanen gini kuwa wasiƙa yake rubuta wa birkila da kafinta da mai haɗa famfo da mai wayarin. Kowane layi yana da ma'ana, kowace lamba umarni ce. Zane mai kyau shi ne wanda birkilan da bai taɓa ganin mai zanen ba zai ɗauka ya yi aiki da shi ba tare da ya aika a tambayo masa komai ba.

Gida ɗaya ana zana shi ta fuskoki dabam-dabam. Na farko shi ne wanda magina ke kira fulan. Ka ƙaddara an yanke gidan a kwance, kamar mita ɗaya daga ƙasa, an ɗauke rabin sama duk da rufin, kai kuma ka hau kan rimi kana leƙowa. Abin da za ka gani shi ne fulan: kaurin bango, faɗin ɗakuna, inda ƙofofi da tagogi suke. Na biyu zanen fuska, wato yadda gidan zai bayyana ga wanda ya tsaya a gabansa, ko bayansa, ko gefensa. Na uku shi ne zanen yanka. Wannan kamar ka sa wuƙa ka raba kankana biyu ne daga sama zuwa ƙasa don ka ga cikinta. A nan ake nuna zurfin harsashi, kaurin daɓe, tsayin linta, da yadda katakon rufi zai zauna kan bango. Shi ne ya fi ba ɗalibai wuya, domin wanda bai san yadda ake gini ba ba zai iya zana abin da ke ɓoye cikin bango da ƙarƙashin ƙasa ba.

Sai kuma zanen fili, wanda ke nuna inda gidan zai zauna a cikin fuloti, da tazararsa daga titi da katangar maƙwabta, da wurin rijiya da masai, da kibiya mai nuna arewa.

Yadda gida ke shiga takarda

Mai karatu zai ce, to yaya gida guda zai shiga takarda? Amsar ita ce awo. Ana rage komai da komai daidai wa daida. Awon da aka fi amfani da shi wajen fulan shi ne ɗaya bisa ɗari, ana rubuta shi 1:100. Ma'anarsa santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita ɗaya a ƙasa. Ɗakin nan da muka saba da shi mai ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, wato wajen mita 3.6 kowane gefe, a takarda santimita 3.6 ne kacal, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100, wato wajen mita 15 da mita 30, zai zauna cikin takardar da ta ɗan fi ta wasiƙa tsawo. In kuma ana so a nuna ƙaramin abu dalla-dalla, kamar haɗin taga da bango, sai a ƙara girman zanen zuwa 1:20 ko 1:10.

Akwai wata 'yar wahala a nan ƙasar. Makaranta tana koyarwa da mita da milimita, birkila kuwa har gobe da ƙafa da inci yake magana. Saboda haka dole ɗalibi ya iya harsunan biyu. Bulon da ake kira mai inci tara, a littafi tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, kaurinsa 225. Mai inci shida kaurinsa 150. Ƙofar ɗaki galibi faɗinta milimita 900, tsayinta 2100.

Ga misalin irin lissafin da yaro zai iya yi wa mahaifinsa tun bai gama makaranta ba. Ana so a gina ɗaki mai mita 3.6 kowane gefe daga ciki, da bulo mai inci tara, tsayin bango mita 3, ƙofa ɗaya, tagogi biyu. Abu na farko, daga waje ɗakin ba 3.6 ba ne, ya zama mita 4.05, domin bango biyu sun ci nasu rabon. Wannan kaurin bango shi ne abin da sabon ɗalibi ya fi mantawa, haka ma mai gidan da ke auna fili da taku. A jera ɗakuna huɗu a manta da shi, sai a wayi gari gini ya shiga filin maƙwabci da fiye da mita ɗaya. Abu na biyu, kowace murabba'in mita ta bango tana cin bulo wajen goma. In an haɗa bangon huɗu aka cire gurbin ƙofa da tagogi, za a samu murabba'in mita wajen 41. Ke nan bulo wajen 410 ake bukata daga daɓe zuwa sama, ban da na harsashi, sai a ɗan ƙara saboda waɗanda za su fashe. Wanda ya san wannan ba a ce masa ya sayo 600.

Zaman ɗakin zane

Karatun shekara uku ne. A farkon shiga yaro zai ga kamar ana ɓata masa lokaci. Makonni za a yi ana jan layi kawai: layi mai kauri na bangon da aka yanka, siriri na awo, mai tsinke-tsinke na abin da ke ɓoye. Za a sa shi ya yi ta rubuta haruffa da lambobi har su zama kamar na injin buga littafi. Dalili kuwa, in 3 ta yi kama da 8 a takarda, a ƙasa za ta zama bango a inda bai kamata ba. Kayan aikinsa su ne allon zane, da doguwar rula mai siffar harafin T, da sikwaya biyu masu kusurwa uku, da kamfas, da rular awo, da fensir iri-iri. Fensir mai alamar 2H yana da tauri, da shi ake fara shata layi. Mai alamar HB ya fi laushi da baƙi, da shi ake rubutu. Malaman zane suna da tsanani kan tsabta. Yaron da ya ci ƙosai ya dafa takarda, aikinsa na kwana uku ya tashi a banza.

Daga nan sai a shiga sassan gini ɗaya bayan ɗaya: harsashi, bango, linta, matakala, rufi, magudanar ruwa. Makaranta mai kyau ba ta barin ɗalibin zane ya zauna a tebur kurum. Ana kai shi wurin 'yan sashen gini ya kwaɓa siminti, ya ɗora bulo, ya ga yadda ake haɗa kankare da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ana koya masa fitar da kusurwa a fili da igiya da turaku: a auna uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da biyar cif, to kusurwa ta miƙe. A ganinmu wannan fita fili ita ce rabin karatun. Mai zanen da bai taɓa ɗaga bulo ba yakan zana abin da hannu ba zai iya ginawa ba, magina su yi ta yi masa dariya a bayan ido.

Kusa da ƙarshe ake ba ɗalibi gida sukutum ya zana, tun daga zanen fili har jerin ƙofofi da tagogi. Tare da wannan duka yana karatun lissafi da Turanci da kimiyya kamar kowane ɗan sakandare.

Yau a ofisoshin zane da kwamfuta ake aiki. Manhajar da ta fi shahara ita ce AutoCAD, wadda ta fara fitowa a Amurka a 1982, akwai kuma irin su Revit masu nuna gida a tsaye kamar ka shiga ciki. A da sai an kwafe zane da tawada a kan takarda mai shara-shara, gyara kaɗan ya ci yini. Yanzu minti biyar ya isa. Amma kwamfuta ba ta san cewa matakala ta yi tsayin da tsohuwa ba za ta iya hawa ba. Abin da aka ba ta shi take fitarwa. Shi ya sa har yanzu ake fara wa yara da allo da fensir.

Tsara gida ya wuce jan layi

Iya jan layi rabi ne. Ɗaya rabin shi ne tsari, wato sanin inda ya kamata kowane abu ya zauna da dalilin zamansa a nan. A nan ne yaron karkara yake da jarin da shi kansa bai san yana da shi ba.

Ɗauki rana. A ƙasarmu zafin da ya fi gallabar ɗaki shi ne na ranar yamma. Ɗakin da babbar tagarsa ke kallon yamma, a watan bazara ba ya kwantuwa sai tsakar dare, domin bango ya sha zafi yana fesowa. Littafi zai gaya wa ɗalibi ya juya gida yadda dogayen bangaye da tagogi za su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. Zai ce a sa tagogi biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, a kuma saki bakin rufi ya yi wa bango inuwa. Ɗauki hadari. Duk manomi ya san daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. Bangon gabas shi ya fi shan duka, kwanon da ba a ɗaure katakonsa da bango sosai ba kuwa shi iska ke fara yayewa. Kowace damina muna ganin azuzuwan firamare a buɗe ba rufi, alhali ƙarfen ɗauri kaɗan da aka nuna a zane aka kuma sa shi a aiki zai iya rage wannan ɓarna.

Ɗauki rijiya da masai. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, kuma masai ya kasance ta gangare, kada ruwan ƙasa ya kwaso ƙazanta zuwa rijiya. A fuloti mai mita 30 tsawo wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, musamman in maƙwabci ma yana da tasa rijiyar a jikin katanga. A takarda ake warware irin wannan tun ba a haƙa rami ba.

Sannan ga zaman gidan Bahaushe. Baƙo namiji yana tsayawa a zaure. Wanda ke zaure bai kamata ya hango tsakar gida ba, shi ya sa magabata ba sa sa ƙofar shiga da ta fita su kalli juna. Mata suna bukatar fili na daka da shanya da girki, da inuwa, da wurin da hayaƙin murhu ba zai koma ɗaki ba. Akwai turken dabbobi, akwai rumbu. In gidan mai mata biyu ne, ɗakunan su zo daidai, in ba haka ba mai zane ya shuka rigimar da ba shi zai girbe ta ba. Musulmi kuma zai so a kauce wa alƙibla wajen dasa masai. Abin takaici, da yawa daga masu zane kwafo fulan ɗin gidajen Legas ko Abuja suke yi su dasa a ƙauye. Sai ka ga gida mai falo biyu da kicin na cikin ɗaki, matar gida kuwa ta koma bayan gida ta kafa murhu a rana, kicin ya zama wurin ajiye buhunan masara. Wannan gazawar mai zane ce, domin bai zauna ya tambayi masu gidan yadda suke rayuwa ba. Malami nagari yakan sa ɗalibi ya auna gidan ubansa ya zana shi tun kafin a ba shi gidan littafi.

To, da can da wane zane aka yi gini?

Tambaya ce mai kyau, dattawa kuma sukan yi ta. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya ɗaure bakan gizon da har yau masana gini daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. A ƙasar Nijar, Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara ginin masallacin garin Yama ta yankin Tawa a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Waɗannan gwanaye a ka suke riƙe da tsarinsu, a ƙasa suke shata shi. Sun san azarar giginya ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta wuce wajen ƙafa shida, sun san dabarar da za su yi in suna son soro ya fi haka faɗi.

Abin da ya sauya shi ne, a da mai tsarawa shi ne mai ginawa, yana tsaye a wurin daga farko har ƙarshe, yaransa kuma sun tashi a hannunsa. Yau birkila dabam, mai ɗaurin rodi dabam, kafinta dabam, mai famfo dabam, wataƙila ma ba su taɓa haɗuwa ba. Mai gidan yana Fatakwal yana aiko kuɗi. Takarda ce kaɗai ke haɗa su. Ban da haka, bangon ƙasa in zai faɗi yakan ba da sanarwa, ya tsage, ya zube kaɗan-kaɗan. Kankaren da aka yi wa ƙwauron rodi yana iya rufta wa mutane lokaci guda.

Hanyar shiga, da inda take kaiwa

Ana shiga kwalejin fasaha bayan an gama aji uku na ƙaramar sakandare. Akwai na jihohi, kamar na Wudil da Bagauda a jihar Kano da ta Malali a Kaduna, akwai kuma na gwamnatin tarayya, kamar ta Kafanchan da ta Zuru. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, ita ke kula da manhajar karatu. Jarrabawar fita kuwa ta hukumar NABTEB ce, wadda aka kafa a 1992. Wanda ya ci yana samun takardar shaida da ake kira NTC. A wasu makarantu zane sashe ne mai zaman kansa, a wasu kuwa darasi ne da 'yan sashen gini da na kafinta ke ɗauka. Saboda haka sai an tambaya.

Da wannan takarda yaro zai iya kama aiki a ofishin masu zane, ko wurin ɗan kwangila, ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. In sakamakonsa ya yi kyau, ƙofar gaba a buɗe take. Zai iya rubuta jarrabawar JAMB ya tafi foliteknik, kamar ta Kaduna, ya yi ƙaramar difloma shekara biyu, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ya koma babbar difloma shekara biyu. Zai iya neman jami'a. Sashen koyar da tsara gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya girmi jami'ar kanta, domin ta gaje shi ne daga kwalejin da ke wurin kafin a kafa ta a 1962.

Amma akwai iyaka, ya kamata iyaye da masu gini su san ta. Wanda ya gama tekanikal mai zane ne, bai zama akitek ba, bai kuma zama injiniya ba. Akitek sai ya yi digiri na farko da na biyu, ya yi aiki ƙarƙashin manya, ya ci jarrabawar ƙwarewa, sannan hukumar ARCON, wadda doka ta kafa a 1969, ta yi masa rajista. Lissafin yawan rodi da kaurin ginshiƙi kuma aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN. A birane hukumomin tsara gari suna neman hatimin waɗannan mutane kafin su ba da izinin gini. Ɗaki biyu da zaure a ƙauye, ɗan tekanikal zai tsara maka su tsaf. Amma da zarar an ce bene, ko babban masallaci, ko ɗakin taro mai faɗi, to a nemi masu abin. A watan Yuli na 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Yaro mai tarbiyyar sana'a shi ne wanda zai ce wa Alhaji, wannan ya fi ƙarfina, ko da kuwa kuɗin na da tsoka.

'Ya'ya mata fa? Aikin tebur ne da ido da haƙuri, babu abin da zai hana su. Mariam Issoufou Kamara, 'yar ƙasar Nijar, tana cikin waɗanda suka tsara sabon masallacin garin Dandaji da aka gama a 2018, suka kuma mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Mace mai zane tana da wata dama ma, ita ce za ta shiga har cikin gida ta ji ta bakin matan da za su yini a wurin.

Uban da ke tunanin kai ɗansa, kada ya tsaya ga allon da ke bakin ƙofar makaranta. Ya shiga ya nemi shugaban sashe. Ya ce a nuna masa ɗakin zane, ya ƙirga allunan da ke da lafiya, ya kwatanta da yawan ɗalibai. Ya tambaya ko akwai malamin zane na dindindin, ko kwamfutocin suna aiki, ko ana samun wuta. Ya roƙa a nuna masa zanen 'yan aji uku na bara. Ko bai iya karanta zane ba zai gane takarda mai tsabta da lambobi masu fita sarai. Sannan ya tambayi kayan da makaranta ke bayarwa da waɗanda zai saya da kansa. Allon zane dai kafintan gari zai iya yin sa da falankin katako mai santsi, muddin gefensa na hagu ya miƙe sak, domin a jikinsa rula ke gudu.